Katin da Yaya ya ce na wasan yara ne

Rubutun nan dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Makon jiya na kira Yayana a Kaduna na ce ina neman agaji, akwai wani abin kwamfuta da zan saya saboda aikin bincikena na digiri na biyu. Ya ce in turo hoton abin da farashinsa. Na tura. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kira. "Malam ɗalibi, wannan kwalin ai gem aka rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro. Karatu muka tura ka Legas ko buga gem?" Na fara bayani, ya ce in bar shi da dogon turanci. Muka rabu a haka, ni ban samu kuɗi ba, shi bai gamsu ba.

Abin ya tsaya min a rai, don a gaskiya Yaya bai yi ƙarya ba. Katin hoto ne, wanda masana ke kira GPU, kuma don 'yan gem aka ƙera shi. Amma kuma shi ne abin da nake buƙata in koya wa kwamfuta gane cutar ganyen tumatir daga hoto, aikin da laftof ɗina ke kwana biyu tana nishi kafin ta gama zagaye ɗaya. Yadda aka yi abin wasa ya zama kayan bincike, da yadda aka yi ya gagari masu wasan da suka raine shi, labari ne na shekara talatin. Tunda na kasa faɗa wa Yaya a waya, bari in rubuta a nan, na san ana kai masa rahoton duk abin da na wallafa.

Mu fara da rami. E, rami. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, kuma saboda gaggawa bai tsaya ƙera komai da kansa ba. Ƙwaƙwalwar ya saya wajen Intel, manhajar ya karɓa wajen Microsoft, sannan ya bar wasu ramuka a jikin babban allon da ke ciki, inda kowa zai iya soka nasa katin ya ƙara wa injin wani abu. Wannan ramin shi ne asalin duk wata al'ada ta haɗa kwamfuta da hannu. Sunansa ya sha canzawa, ISA, PCI, AGP, yanzu PCI Express, amma manufar ɗaya ce: akwatin naka ne, ka buɗe ka cire ka sa. Wayarka ba ta ba ka wannan damar, PlayStation ma haka.

Shekaru goma sha da suka biyo baya, kwamfutar tebur galibi kayan ofis ce. Mai son wasa yawanci sai ya nemi Nintendo ko Sega. Wasu samari a jihar Texas ta Amurka, masu wani ƙaramin kamfani id Software, su suka juya lamarin. A Disambar 1993 suka saki Doom, a 1996 suka saki Quake, wanda komai na cikinsa mai kauri da zurfi ne, kana shiga ɗaki kana juyawa kamar da ƙafarka kake tafiya. Matsalar ita ce duk lissafin wannan duniyar a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar yake, ita kuma ba don haka aka yi ta ba. Hoton sai ya fito dishi-dishi, yana tafiya yana cijewa.

A nan ne 3dfx ya shigo, kuma wallahi labarinsa ne ya fi taɓa ni a duk tarihin nan. Wasu injiniyoyi uku da suka taɓa aiki a Silicon Graphics, kamfanin da ke ƙera injinan zane masu tsadar gaske na masu fim da manyan ma'aikatu, suka kafa shi a 1994. A 1996 suka fito da Voodoo Graphics. Katin bai iya komai ba sai hoto mai zurfi. Ko rubutu a allo ba ya nunawa, dole ka bar tsohon katinka a ciki, ka haɗa su biyun da wani guntun kebul ta baya. Ma'ajiyarsa mega 4 ce kacal, hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka yau zai iya cinye ta. Amma da John Carmack, gwanin da ya rubuta injin Quake, ya saki sigar da ke amfani da irin wannan kati a farkon 1997, duk wanda ya gani da idonsa sai ya fara tara kuɗi. Ni a shekarar aka haife ni, kun ga kenan ni da wannan sana'a sa'o'in juna ne.

A 1998 suka ƙara da Voodoo2, har ana iya soka biyu a haɗa su, wannan ya zana layi ɗaya na allon, wancan ya zana na gaba. Suna kan ganiyarsu sai suka yi abin da ya kashe su. Da can su guntun lissafin kawai suke ƙerawa, su sayar wa kamfanoni irin su Diamond da Creative, waɗannan su haɗa kati su kai kasuwa. Sai 3dfx ya ga ai ribar da dillalan nan ke ci ta yi yawa, ya sayi kamfanin STB mai masana'anta a Meziko, ya ce daga yau shi zai ƙera shi zai sayar. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san ƙarshen wannan. Ka kori dillalanka, ina za su? Wajen abokin hamayyarka. Suka kwashi jiki suka koma wajen Nvidia. Sabbin katunan 3dfx suka yi ta makara, kuɗi ya ƙare, a Disambar 2000 Nvidia ta saye abin da ya rage nasu. Daga sarauta zuwa gwanjo, shekara huɗu.

Ita kanta Nvidia da ƙyar ta sha. Jensen Huang da abokansa biyu, Chris Malachowsky da Curtis Priem, suka kafa ta a 1993, kuma a wani gidan cin abinci na Denny's aka ƙulla maganar. Katinsu na farko, NV1 na 1995, ya bi wata hanyar zane daban da wadda sauran duniya ta zaɓa. Kowa ya tafi kan gina hoto da ƙananan siffofi masu kusurwa uku, su suka tafi kan lanƙwasassu. Kaya ya ƙi fita. Sai da Sega ta Japan ta zuba musu dala miliyan 5, suka sallami ma'aikata da yawa, suka jefa duk abin da ya rage a kan RIVA 128 na 1997. Ya karɓu. A 1999 suka fito da GeForce 256, suka yi ta shelar cewa shi ne GPU na farko a duniya. Masana na da ja a kan wannan iƙirarin, amma sunan ya zauna. Abokin karawarsu da ya rage shi ne ATI na Kanada, mai Radeon, wanda katinsa 9700 Pro ya ba su kashi sosai a 2002. A 2006 AMD ta saye ATI a kan kusan dala biliyan 5.4. Tun daga nan rigimar ta koma ta kore da ja, kamar dai ta 'yan Man U da Arsenal a ɗakin kallo.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan leƙa ɓangaren ƙwaƙwalwa, don kada 'yan Intel da AMD su cinye ni. A 1998 'yan ƙwaƙƙwafi suka gano cewa wata ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, in ka taɓa saiti ɗaya za ta tashi daga gudun 300 zuwa 450, ta kama ƙafar masu tsada. Daga nan al'adar tura inji ya wuce ƙa'idarsa ta bazu, da manyan fankoki da sanyaya inji da ruwa da duk wannan ƙyale-ƙyalen. A Maris na 2000 AMD ta riga Intel kaiwa gigahaz 1. Aka yi ta tseren gudu har zafi ya taka musu burki, a 2004 Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4 da ta yi alkawari. Tunda ba a iya ƙara wa doki ɗaya gudu, sai aka koma ƙara yawan dawakan. Ku riƙe wannan, don shi ne mabuɗin sauran labarin.

To me ya sa katin gem ya dace da bincike? Ga yadda na so in faɗa wa Yaya. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar gogaggun manoma ne guda huɗu ko takwas, kowane aiki ka ba su sun iya, daga huɗa zuwa dashe zuwa gyaran garma. Katin hoto kuma gayya ce. Matasa dubbai, kowa da fartanyarsa, ba su iya komai ba sai noma kunya ɗaya, amma duk a lokaci guda suke sara. Allon da muke kira 1080 yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Ɗan gem yana son a sake zana su sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Kowane ɗigo lissafinsa ƙarami ne, ninkawa da tarawa, kuma bai jiran maƙwabcinsa. Aikin gayya kenan. Shekara da shekaru 'yan gem suna matsa wa kamfanoni lamba, a ƙara kyau, a ƙara sauri, suna biya da kuɗin aljihunsu, kamfanoni kuma suna ƙara yawan masu fartanya.

Sai wasu ɗaliban jami'a suka lura cewa ninkawa da tarawan nan ai ba su san hoto ba. Lissafin yanayi, lissafin sinadarai, duk irinsu ne. Da farko sai an yi wa katin wayo, a ɓoye lissafin a cikin siffar hoto kafin ya karɓa. Wani ɗalibin digiri na uku a Stanford, Ian Buck, ya yi aiki a kan sauƙaƙa wannan, Nvidia ta ɗauke shi. A ƙarshen 2006 ta fito da GeForce 8800 GTX mai ƙananan ma'aikata 128, tare da CUDA, hanyar da mai rubuta manhaja zai ba katin lissafi kai tsaye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba su keɓe CUDA ga injinan manya ba, sun bar ta a cikin katunan gem da kowa ke saya a shago. Shekaru ana ganin asarar kuɗi kawai suke yi.

Yanzu ga wurin da nake so Yaya ya karanta sau biyu. A 2012 akwai wata gasa da ake kira ImageNet, inda ake ba kwamfuta hotuna sama da miliyan ɗaya masu rukuni 1000, a ga wadda za ta fi gane abin da ke ciki. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, da malaminsu Geoffrey Hinton, suka shiga. Injin da suka horar da tsarinsu a kai ba wani dodo ba ne na gwamnati. Katin gem ne guda biyu, GTX 580, kowanne mai giga 3, irin wanda aka fitar kasuwa a kan dala 499, a cikin kwamfutar tebur a ɗakin kwanan Krizhevsky a gidan iyayensa. Kwana biyar zuwa shida tana aiki. Sakamako ya fito: kuskurensu kashi 15.3 cikin ɗari, mai bi musu 26.2. A irin wannan gasa da ake murnar ragin kashi ɗaya, wannan ba nasara ba ce kawai, rufe babi ne. Duk wannan ƙirƙirarriyar basirar da ta cika mana kunne yau, daga nan guguwarta ta taso. Hinton ya karɓi kyautar Nobel a 2024. Ɗaliban gaba da digiri ne fa kamar ni, da kati mai kwalin gem. Aikin tumatir ɗina jikan wancan aikin ne kai tsaye, hoto ne kake nuna wa inji har ya koyi bambancewa.

Mu a nan gida duk wannan ya wuce mu ta sama, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Lokacin da ake rigimar Voodoo da GeForce, mu ko layin GSM bai zo ba sai 2001. Gem ɗinmu na shagon unguwa ne, PS2 da talabijin mai ƙeya, ka biya 'yan canji ka buga ƙwallo minti goma, NEPA ta ɗauke ana tsaka da fanareti a yi ta rantse-rantse. Kwamfutar tebur a kafe muka san ta, tsofaffin Pentium 4 na ofisoshin Turai da aka sauke a Legas, muna cike fom ɗin JAMB a kansu. Sai da na zo nan karatu na fara haɗuwa da masu haɗa inji da hannu. Abokin ɗakina, wani ɗan Ijebu da ke karanta zanen gine-gine, shi ya fara kai ni Computer Village a Ikeja, ya zaga da ni titin Otigba, ya nuna min dabarar talaka: ka sayi tsohuwar kwamfutar ofis mai ƙwaƙwalwa mai kyau, ka soka mata ƙaramin kati irin GTX 1050 Ti ko 1650, waɗanda wat 75 ɗin da ramin ke bayarwa ya ishe su, ba sai an canza akwatin wuta ba. Ramin IBM na 1981 ne dai yake mana aiki a Ikeja.

In ka tambayi 'yan harkar yaushe ne lokacin daɗi, yawanci za su ce 2016 da 2017. GTX 1060 mai giga 6 ya fito a kan dala 249, ya yi shekaru yana kan gaba a ƙidayar da dandalin Steam ke yi na injinan masu wasa. GTX 1080 Ti mai giga 11 ya fito a Maris na 2017 a kan dala 699, har yau akwai masu amfani da shi suna ƙin rabuwa. A wannan watan dai AMD ta farfaɗo daga doguwar suma da Ryzen, ta ba mutane ƙwaƙwalwa mai ma'aikata takwas a kan dala 329, bayan Intel ta shafe kusan shekara goma tana ba talakawa huɗu tana cewa sun isa. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta gano ashe shida ma na yiwuwa. Gasa dai ba ƙarya ba ce.

Daɗin bai jima ba, don wasu baƙi sun riga sun hango gayyar. Haƙar kirifto ita ma lissafi ne ƙarami da ake maimaitawa sau biliyoyi. Bitcoin ya fara a 2009, aka haƙe shi da katin hoto na ɗan lokaci, zuwa 2013 injina na musamman suka karɓe. Amma Ethereum, da ya zo a 2015, an tsara shi ne yadda katin hoto zai fi dacewa da shi. Da farashinsa ya tashi a 2017, masu haƙa suka dinga kwashe katuna kwali-kwali. Aka ɗan samu sauƙi, sai kuma 2020 ta zo da komai a haɗe: korona ta zaunar da duniya a gida kowa na son inji, masana'antu sun tsaya, kirifto ya sake hawa. RTX 3080 ya fito a Satumbar 2020 da farashin dala 699 a takarda. A kasuwa kuwa, in ma ka same shi, sai ka biya ninki biyu ko fiye. Har Nvidia ta gwada rage wa wasu katuna ƙarfin haƙa da gangan a 2021, masu haƙa suka yi ta neman hanyar kwance ƙullin. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar haƙa kwata-kwata. Dare ɗaya dubban rumbuna suka zama ba su da aiki, katunansu suka malalo kasuwar kayan hannu ta duniya.

Wasu daga cikinsu nan suka ƙare, kuma ɗaya ya ƙare a hannuna. A 2023 na tara kuɗin bautar ƙasa na sayi kati wajen wani da na gani a intanet. Tsaf da shi kamar sabo, har da ledarsa. Ya ce ƙaninsa ne ya ɗan yi wasa da shi. Sati uku allon ya fara fitar da wasu ɗige-ɗige kore da shunayya, rana ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Mai gyara ya buɗe ya nuna min cikinsa ya dafe kamar gindin tukunya, ya ce wannan ya yi shekaru yana aiki dare da rana. Na kira mai kayan, lamba a kashe. Wannan ma na cikin abin da ya sa Yaya ke ɗari-ɗari, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan gem suka yi ta murna masu haƙa sun tafi, farashi zai dawo. Murnar wata biyu da rabi ta yi. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 aka saki ChatGPT, kuma baƙon da ya shigo wannan karon ya fi na baya nauyin aljihu nesa ba kusa ba. Mai haƙa yana sayen kati ɗari, su waɗannan kamfanonin dubu goma-goma suke oda, na musamman, kowanne a kan dubban daloli masu yawa. Ku duba lissafin Nvidia na shekarar kuɗinta da ta ƙare a Janairun 2025: ta samu dala biliyan 130.5. A ciki, biliyan 115.2 daga manyan cibiyoyin bayanai suka fito. Gem, sana'ar da aka kafa kamfanin dominta, biliyan 11.4. Bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma duka a masana'anta ɗaya ake buga su, TSMC ta Taiwan, wadda abin da take iya fitarwa yana da iyaka. In kai ne mai kamfanin, wa za ka fara sallama?

Shi ya sa kasuwar ta koma yadda take. Na sama ya tafi sama: RTX 4090 dala 1,599 a 2022, RTX 5090 dala 1,999 a Janairun 2025, da ma'aikata 21,760 a cikinsa, ku tuna da 128 na 2006. Na ƙasa kuma ana masa rowar ma'ajiya. RTX 3060 na 2021 giga 12 gare shi. Magajinsa 4060 na 2023, giga 8. Na bayansa 5060, giga 8 dai. Ni a ganina wannan ba kuskure ba ne, ma'ajiya ita ce abin da mai aikin basira ya fi buƙata, in ka ba shi da yawa a kati mai araha me zai kai shi sayen mai tsada? Ra'ayina ne, wanda ke da wata fassarar ya kawo. Abin dariyar shi ne basirar ta dawo cikin gem ɗin ta ƙofar baya. Tun daga katunan RTX na 2018, dabarar DLSS tana sa katin ya zana ƙaramin hoto sannan ya yi hasashen babban, yanzu har hotuna sukutum yake ƙirƙirowa ya cusa a tsakani. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa hoton bogi ake sayar musu. Na gani da idona a injin wani, gaskiya yana da kyau, amma na fahimci haushin mutumin da ya biya kuɗin nama aka ba shi romo mai daɗi. Intel ta shigo fagen da Arc a 2022, katinta B580 mai giga 12 ya fito a kan dala 249 a ƙarshen 2024, AMD ma na nan tana fama. Sai dai mu masu bincike CUDA ta ɗaure mu, yawancin kayan aikin da ake koyar da mu a kanta suka fi tafiya lami lafiya.

Duk wannan kukan na masu dala ne fa. Mu namu biyu ne. A 2017, dala tana wajen naira 360 a kasuwa, 1080 Ti zai kama kusan naira 250,000 kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024. Ku ninka 1,999 da wannan, naira miliyan 3 kenan, kati kawai, ba allo ba akwati. Sannan ga wuta. 5090 shi kaɗai yana jan wat 575. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, a wancan farashin awa huɗu na wasa ya haura naira 500 a kan katin kaɗai, in wutar ta zauna kenan. In ba ta zauna ba, wace inbata ce a hostal za ta ɗauki wannan? Ƙaramin janaretan da muke karo-karo mu zuba wa mai, ko tari ba zai gama yi ba zai mutu. Shi ya sa in na ga bidiyon Turawa suna gardamar wane kati ya fi wane da kashi biyar, sai in ji kamar labarin wata duniya. Tambayarmu ta farko a nan ita ce wat nawa yake ci, ta biyu giga nawa gare shi, ta uku waye ya yi amfani da shi kafin ni.

Za a ce me ya hana ni amfani da na sashenmu, ko na aro ta intanet. Sashenmu ba shi da irin wannan injin, ɗakin kwamfutar da ke akwai na koyon buga rubutu ne da jarrabawa. Na aro kuwa ina amfani da shi, Allah ya saka wa masu bayarwa, amma awoyinsa ƙidayayyu ne, kuma sau uku netwok na yankewa ina tsakiyar horo in dawo in tarar komai ya goge. Malamin da ke duba aikina yana son sakamako kafin ƙarshen zangon nan, ba ya son labari.

Kuma don kada a ce na ɓoye, Yaya, e, in na gama horar da tumatir da daddare zan buga ƙwallo a kansa. Ni da ɗan Ijebu muna da tsohuwar gaba da ba a warware ba. Ba zan yi maka rantsuwar da zan karya ba.

Abin da nake nema ba 5090 ba ne, ko a mafarki. RTX 3060 ne mai giga 12, na hannu, katin 2021 mai cin wat 170, wanda ma'ajiyarsa ta ninka ta katunan Krizhevsky biyu a haɗe. Jiya da daddare na tura wa Yaya rabin rubutun nan kafin in gama. Da asuba ya turo saƙon murya: "Na karanta. Wato su Turawan ma a ɗakin uwarsu suka fara. Zan ba da rabi, sauran ka nema wajen abokan gem ɗin naka." Na gode, Yaya, Allah ya ƙara buɗi.

Ranar Asabar in sha Allahu za mu shiga Ikeja ni da abokin ɗakina. Wannan karon ba zan biya ko sisi ba sai an soka katin a inji a gabana, an ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa ina kallon zafinsa da fankokinsa, an kuma rubuta min rasit mai garanti ko na wata ɗaya ne. Wanda ya san mai 3060 mai giga 12 mai lafiya, ba mai giga 8 ba don akwai shi ma, ya taɓo ni ta akwatin saƙo kafin Juma'a.